Rarar Tanki

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ma ta yi mana tsiya. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Ni a lokacin tuwo nake sayarwa a bakin garejin wani Alhaji a Tasawa, mai manyan motocin da ke kai hatsin taimako ƙauyukan Mayahi. Yayana yana cikin direbobinsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma da wannan tuƙin yake ciyar da 'ya'yansa da tsohuwarmu.

Akwai al'adar da kowa ya sani a garejin: man gazuwal ɗin da ya rage a tanki bayan an sauke kaya, na direba ne. Rara ake ce masa. A hanyar dawowa sai a ratse Kanan-Bakashe, a zura tiyo cikin tanki, a zuƙa da baki har man ya taho, a tara a bido, wato jarka, a kai wa masu injin niƙa su ba da gero. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Sai dai a shekarar nan yunwa ta sa rarar ta yi yawa, don wasu tun ba su kai kayan ba suke zuƙa.

Yayana kaɗai ba ya yi. Ba waliyyi ba ne, kar ma a ɗora masa. Ya taɓa zuƙa man ya wuce masa ƙirji, ya yi jinya har muka fidda rai, tun daga nan ko warin tiyo ba ya so.

Kwatsam sai Alhaji ya zo da abin mamaki. Direba na dawowa zai kira shi biro, wato ofishinsa, ya faɗa masa inda ya ratse, da daɗewar da ya yi, da yadda tanki ya sauka. Ya kori na farko, ya kori na biyu. Wanda aka kora a shekarar nan kuwa, an daina ɗora tukunya a gidansa.

Zamanin na raɗa ne, kowa tsoron ɗan rahoto yake. Direbobi suna cin tuwona suna ƙus-ƙus, yayana na zuwa sai su yi tsit. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, mutanen nan fa kai suke zargi." Ya yi dariya ya ce in bar shirme, ai tare suka tashi. Haushi ya kama ni, har na ce masa sakarai.

Ranar da abin ya faru da azahar ne. Ya dawo daga Issawane, ya sauko yana karkaɗe hula. Ɗaya daga cikin korarrun, abokinsa na ƙuruciya wanda ni na dafa abincin sunan ɗiyarsa, ya tare shi.

"Munafuki! Kai ke kai mu wurin Alhaji."

"Ni? Mi na yi muku?"

Bai rufe baki ba aka sauke masa ƙarfen kwance taya a ƙeya. Ya faɗi, direbobin suka rufe shi da duka, da ƙafa, da sarƙa, da duk abin da hannu ya samu. Na kurma ihu, na sunkuci tukunyar miya tana tafasa na sheƙa wa na kusa da ni a baya. Ya juyo ya nushe ni a baki, haƙorina ya fita, na tofar na sake shiga. Wallahi da wuƙa ce a hannuna da na yi kisa.

Biyu suka danne ni a ƙasa, ina kallo. Suka tura masa tiyo a baki, suka ɗura masa gazuwal, abokin nan nasa yana cewa, "Sha naka rabon!" Sannan suka ɗora hannunsa na dama a kan matakalar mota, suka yi ta maka masa ƙarfe. Na ji ƙarar ƙashin. Har gobe in ana fasa ice sai gabana ya faɗi.

Sojojin da ke shingen bakin gari ne suka zo. Ba su tambayi kowa komai ba, suka zare bel suka hau kowa da bugu, har da ni da bakina ke zubar jini. A amalanke muka kai shi likita, yana aman mai da jini.

Yana kwance a can makanikin garejin ya buɗe gaban wata mota zai gyara waya, ya ga wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, wayarsa ta bi har tanki. Aka duba sauran motocin, kowace da nata. Ashe mutanen da suka zo daga Maraɗi kwanakin baya, wai gyaran fitilu, su suka liƙa. Akwatin ne ke aika wa ordinatar ɗan Alhaji, wato kwamfutarsa, duk inda mota ta tsaya da duk man da ya fita. Ba bakin kowa a ciki.

Na faɗa biron ko sallama ban yi ba. Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ka san yayana ake zargi?"

Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin.

"To mi ya hana ka faɗa musu akwati ne?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Da na faɗa ai da sun cire."

Na ɗauki butar da ke gefensa na jefe shi da ita, na zage shi ta uwa ta uba, aka fitar da ni ana ja. Daga ranar aka tashi tuwona daga bakin garejin, ni ko a jikina.

Da yayana ya fito daga likita, abokin ya zo gida ya durƙusa yana kuka. Yayana ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Ni na ce ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, in faɗa a gaban kowa.

Hannun bai ƙara lanƙwasuwa ba. Aka ba wani motarsa tun bai cire bandeji ba. Mutumin da ke juya babbar mota cike da hatsi a cikin rairayi, yau matarsa ke ɗaura masa zariyar wando.