Na Kayar da Masuncin Haɗeja

Jama'a, yau na kayar da Kawu Sale a fagensa!

Shekara arba'in yana su a Haɗeja. Ya zo gidanmu a Dutse, ya ga ƙananan kifayen ado biyu da nake kiwo, masu suna beta. Ya nuna jan mai doguwar wutsiya: "Ga macen, ado ai na mata ne."

Na ce, "Kawu, namiji ne!"

"Ke, ni za ki koya wa kifi? In namiji ne, na ba ki kwandon banda."

Bai rufe baki ba sai ƙaramar marar kwalliya ta fara zubo ƙwai! Mai adon ya bi yana tsincewa da baki, yana kaiwa cikin kumfar da ya tara.

Kawu ya cire hula: "Ikon Allah! Shi ne ado, shi ne raino?"

Na ce, "Kawu, kwandona dai!"