Bulon Amalanke

A shekarun da nake jan motar haya tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kiriya, na taɓa canza amortisa na baya, ƙarafan da ke rage girgizar mota, ana gobe kasuwa. Sababbin sun zo babu bulon ɗaurewa, wato ƙusoshin ƙarfe da ake murɗa wa noti, tsofaffin bulon kuma tsatsa ta cinye haƙoransu.

Makanikena ya leƙa wurin maƙerin amalanke da ke gefen gareji, ya dawo da bulo masu sheƙi. Ni kuwa ina da tsarin dubawa. Da farko kauri, ya yi daidai. Sannan tsawo, shi ma ya yi. Na uku lambar ƙarfi da ake bugawa a kan bulon mota. Na juya kansa, fili ne kawai.

Ya ce, "Haba maigida! Wanga ƙarhe buhunan hatsi yaka ɗauka kullum, bai taɓa kuka ba."

Na ce, "Jaki ke jan shi. Ni mutane nake ɗauka, da gudu, a kan gargada."

Na bar motar a kan duwatsu, na aika garin Doso a sayo masu lamba, da sababbin noti da roba. Da safe 'yan kasuwar da suka saba bina suka shiga wata mota.

Da bulon suka iso, sai da muka sauke motar ta zauna kan ƙafafunta kafin muka ɗaure su tamau. Fasinjojina sun dawo mako na gaba, ban da wata mai sayar da man shanu, wadda ta ci gaba da bin waccan motar.