Inna, Wa Zai Yi wa Umma Magana Yanzu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, aka bugo wa Baba waya cewa Allah Ya karɓi ranki, Inna, yayar mahaifiyata.

Malamarmu ta ce kurame a duniya miliyoyi ne. Amma yaren da Umma ke yi da hannu, ku biyu kuka ƙirƙire shi tun zazzaɓi ya tafi da jinta tana ƙarama. Ke ce kunnenta a kasuwa, ke ce bakinta gaban likita. In kin shigo ɗaki sai ki kashe fitila ki kunna, don kada ta firgita. Ni kuwa in na noƙe hannu a gaban mutane, sai ki ce, "Fito da su, 'yar nan, haya kika ba da su?"

Ranar nan gida ya cika da kuka, Umma tana madafa ta juya baya tana yanka albasa. Cikinta ya tsufa, ga hawan jini, likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Baba ya dube ni ya ce, "Ke za ki gaya mata. A hankali."

Inna, kin koya mini alamar ruwa, da ciwo, da baƙo, amma ba ki koya mini ta mutuwa ba. Na tsaya gaban Umma. Na ja leɓen kunnena, wato sunanki, na kwantar da kumatu a tafin hannu. Sai ta yi dariya, ta nuna mini wai dama ke raguwa ce, barci har hantsi. Na sake, ta sake dariya. Na rasa yadda zan yi, na kai hannu na kashe fitila, ban kunna ba.

Ta ajiye wuƙar. Na riƙe ta har ta zauna. Da numfashinta ya daidaita, ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta kife shi a hankali. Haka na koyi alamar.

Jibi za ta koma awo. Ni zan tsaya inda kike tsayawa, kuma zan fito da hannuwana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙuri. Ya sauki Umma lafiya, Ya sa ta gane ni.