Ya Falmata da Ƙwayoyin Amarya

Ina cikin awon jarirai a likitar Gure, da hantsi, ƙanen Ya Falmata ya kira ni daga Yamai. Muryarsa kawai na ji na san babu lafiya. Ya ce Ya Falmata ta cika. Na yi salati, na miƙa wa wata uwa ɗanta, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

A jami'a Farfesa suke ce mata, ɗalibanta kuwa sun bazu har ƙasashen waje. Mu nan Ya Falmata muka sani, 'yar unguwarmu, mace mai jiki, mai dariyar da ake ji daga zaure. Rayuwarta ta ƙare a kan tambaya ɗaya: me ke sa mutum jin yunwa, me ke gaya masa ya ƙoshi? Shekaru da dama ni ke raka ta rugagen wajen Gidigir, muna ɗibar jinin makiyaya kafin su sha fura da bayan sun sha, sannan mu auna 'yan uwansu da suka koma birni suka yi teɓa. Ta nuna cewa ciki yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta cikin jini, kuma a jikin wasu saƙon ƙoshi ba ya isa da wuri. Takan ce, "Kada ki ce da mai ƙiba mahaɗamaci, ba ki san abin da jininsa ke faɗa masa ba." Ina kewar waɗannan tafiye-tafiye, da yadda take tsokanata wai na fi raƙumi son hutu idan mota ta kafe a rairayi.

Amma abin da ta yi wa gidana shi ya fi tsaya mini a rai. Lokacin da aka sa ranar auren 'yata Zara, yarinyar siririya ce, lafiyarta lau. Yayar mijina, Gwaggo Hadiza, ta ce ba za a kai ta haka ba, dangin ango su ce ba ma ci da ita. Ta sayo ƙwayoyin ƙiba wajen masu talla a kasuwa, ta tsare Zara da su safe da yamma. Fuskar yarinya ta fara kumbura. Na yi magana, aka ce aikin likita ya sa na raina al'ada. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san inda waɗannan ƙwayoyi ke kai mutum.

Ya Falmata ta zo hutu a lokacin, na kai mata kuka. Na zaci da takardun bincike za ta zo. Sai ga ta da dabino a leda, ta zauna kan tabarmar Gwaggo, suka yi ta hirar 'yanmatancinsu. Can ta sa aka fitar da yara, ta sassauta zanenta, ta nuna wa Gwaggo cikinta, duk tabon allurar ciwon suga.

Ta ce, "Yaya, kin tuna bikina? Ke kika riƙe mini ƙwaryar kunu, kuna guɗa na cika ɗaki."

Gwaggo ta ce, "Na tuna. Kin yi kyau ranar."

"Na yi. To ga kyan nan, kullum sai na soke shi kafin in ci tuwo. Ƙwayoyin da aka ba ni su ne a hannun Zara. Duk karatun nan da kika ga na yi, neman abin da aka taɓa mini a jiki nake."

Ni kaina, duk zamanmu, ban taɓa sanin haka ba. Daga ranar Zara ba ta sake haɗiyar ƙwaya ba, aka kai ta ɗakinta yadda Allah ya yi ta.

Ciwon nan ne ya cinye ƙodar Ya Falmata. Wurin zaman makoki Gwaggo Hadiza, wadda tsufa ya kama yanzu, ta jawo Zara kusa da ita, ta riƙe siririn hannunta ta ƙi saki. Ta dube ni ta ce, "Da hannuna na ba Falmata ƙwayoyin nan. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ta hana ni in ƙara."

Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya sa iliminta ya bi ta da lada har kabarinta. Allah ya ba 'ya'yanta da ƙannenta da ɗalibanta haƙurin rashinta, ya sanyaya zuciyar Gwaggo. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.