Gudumar Ambrose Tierney

Ranar Talata ina shanya a bayan gida, maƙwabciyata Filomena ta leƙo ta taga.

"Stasia, kin ji? Maƙiyinki Ambrose zai ajiye aiki ranar Asabar. Sai ki dafa kabeji ki gayyace mu biki."

Na yi mata dariya don kada ta ga fuskata. Karatuna bai yi nisa ba, amma tun ranar na san sai na rubuta wannan.

Shekara talatin da ɗaya Ambrose Tierney yana fita da sassafe, 'yar guduma a aljihun kwat. Aikinsa a yadin jiragen ƙasa na nan Brooklyn yake, inda ake ajiye taragu ana gyara su. Kafin jirgi ya shiga ramin ƙarƙashin gari, sai ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Tun haɗarin da taragun katako suka tarwatse cikin rami kamar akwatin lemo aka hana su shiga, sai dai su bi gadar sama. To, akwai waɗanda aka lulluɓe katakonsu da fallen ƙarfe, aka shafe da fenti. Ido ba ya rabewa, sai kunnen Ambrose.

Mijina Kazimir kafinta ne, shi ke gyaran irin waɗannan taragu. Wata safiya tarago ya yi ƙaranci, shugaban yadi ya ce a haɗa ɗaya daga cikinsu. Waɗanda ke wurin sun ce Ambrose ya buga sau ɗaya, ya ja ya tsaya.

"Wannan katako ne."

"Tierney, mutane na jira a tasha. Yau kaɗai ne."

"Shugaba, wancan haɗarin ma rana ɗaya ce."

Bai sa hannu ba, kuma ya rubuta rahoto. Kafin shekara ta zagayo rahoton ya sa aka rufe sashen Kazimir, ya koma buga akwatunan kaya a bakin ruwa har bayansa ya tanƙware.

Ga abin da ni na yi. Shekara ashirin in na hango Ambrose sai in tsallaka titi. Matarsa Nuala ta aiko mana da tukunyar miya, na mayar da ita ko murfin ban buɗe ba. A ƙofar coci, gaban 'ya'yansa mata, na kira shi ɗan tsegumi mai cin abinci da bakinsa. Ya cire hula ya ce, "Ina kwana, matar Kaz."

Sanyin bara Kazimir ya kwanta ciwon ajali. Saura kwana biyu ya rasu, ya kama hannuna.

"Stasia, ki ƙyale mutumin nan. Ranar da ya ƙi sa hannu na ce masa taragon aikin hannuna ne, ya fi ƙoƙon kansa ƙwari. Ya ce, 'Kaz, aikinka ba laifi. Za ka sa Stasia a ciki?' Kunya ta hana ni gaya miki."

Ambrose, kai ne ka sa ni cikin lissafinka ranar da na fara zaginka. Kai ne ka riƙe maganar nan shekara ashirin don kada mijina ya ƙasƙanta a idona. Mai kunnen gaskiya, dubban mutane sun koma gida sun ci abinci ba su san sunanka ba. Ni na sani, na ɓata shi. Na gode, kuma ka yafe mini.

Ku da aka ba ku abin dubawa, ku duba kamar naku ne zai shiga.

Har yau ban iya faɗa masa da baki ba. Gwiwoyinsa sun lalace, kuma a hawa na uku na bene yake zaune. Kullum da safe nakan ɗauko jaridarsa daga ƙofar gida, in hau, in ajiye masa a bakin ɗaki, in sauko kafin ya buɗe.