Mun Ji, In Ji Dagaci

A shekarun da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi da ke nema wa ma'aikatan da aka taso filin gidaje. Tarihi na karanta a jami'a, ban san awon ƙasa ba, ban san gini ba. Ina jin an ɗauke ni ne saboda ina da digiri kuma Hausa harshena ce. Ogana mutumin kudu ne, iyalinsa na can Legas, shi kuma yana kwana a ɗaki ɗaya da akwatunan fayil. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa.

Binciken da na rubuta a ajin ƙarshe a kan Maskat ne, masarautar Larabawa ta bakin teku, da ƙabilun da ke cikin duwatsu a bayanta, zamanin da Turawan Ingila ke dafa wa sarkin baya. Malamina ne ya zaɓa mini, ni da ban taɓa ganin teku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata yarjejeniya da aka ƙulla tsakanin mutanen bakin teku da na dutse. A iya fahimtata, kuma mai yiwuwa a karkace na fahimta, sarkin ya ɗauka sun karɓi mulkinsa, su kuma sun ɗauka an yarda a ƙyale su da limaminsu. Aka watse kowa da tasa fassarar. An zauna lafiya shekaru, sai da masu neman man fetur suka so kutsawa cikin ƙasar aka gano ba abu ɗaya aka sa wa hannu ba.

Wata safiya muka ɗauki hanyar Bwari, ni da Oga da direban ofis, wani Bakano mai yawan surutu. Filin da masu awo suka kafa wa turaku yana gefen wani ƙauyen Gbagyi, kuma a cikinsa akwai gonaki da ramin da matan ƙauyen ke haƙar yumɓun tukwane. Da tukwanen nan suke sayen gishiri da manja da littattafan yara. In aka zagaye filin da waya, ramin ya tafi ke nan.

Dagacin ƙauyen ya sa aka fito mana da kujeru gindin mangwaro. Tsoho ne siriri, sanye da kwat duk da zafin rana. A bayansa wata tsohuwa ta tsaya, aka ce ita ce babbar masu ginin tukwane, hannayenta duk busasshen yumɓu. Oga ya yi bayani da Turanci, ina mayarwa Hausa. Na yi iya ƙoƙarina kada in ƙara, kada in rage. Dagaci ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

“To,” ya ce. “Mun ji.”

Oga ya juyo. “Me ya ce?”

“Ya ce sun ji.”

“Wato sun yarda?”

Direba ya tsoma baki da Turancinsa na tasha. “Oga, shi ke nan ai. In babba ya ce mun ji, magana ta ƙare. Mu tafi kafin hadarin nan ya sauko.”

Ba ƙarya direba ya yi ba, a wasu wuraren haka ne. Amma ni na taso a gidan da in mahaifina ya ce “na ji”, wata rana ka samu abin da ka roƙa, wata rana kuma ba za a sake tayar da zancen ba har abada. Ga shi wannan tsohon a kasuwa ya koyi Hausa, ban san wace “mun ji” ya koyo ba. Mutanen dutsen nan na bincikena suka faɗo mini a rai, duk da na san kwatancen ya yi wa zaman gindin mangwaro girma.

Na ce, “Oga, zai iya zama haka, zai kuma iya zama ba haka ba.”

“Kai digirin ‘mai yiwuwa’ aka ba ka? Tambaye shi mana!”

Na san ba a yin haka. Ba a matsa wa dattijo ya ce wa baƙo a'a a gaban jama'arsa. Na sauka daga kujera na durƙusa.

“Baba, a gafarce ni. Kun ji kun yarda ne, ko dai kun ji kawai?”

Tsohuwar ce ta fara dariya. “Wannan yaro,” ta ce da irin Hausarsu, “uwarsa bai koya masa magana da manya ba?”

Dagaci bai yi dariya ba. “Ɗana, ka kawo baƙo, na ba shi kujera. Kana so na kore shi da bakina?”

“Ba na so, Baba. Amma in ba ka faɗa ba, za a je a ce kun yarda.”

“Faɗa masa gwamnati ya zo ya ga rami da ido,” in ji tsohuwar. “In ya rufe, da me zan gina tukunya? Da siminti?”

Dagaci ya juya ga dattawan da ke gefensa, suka daɗe suna magana da harshensu, ba na jin ko kalma ɗaya. Da ya juyo bai dube ni ba, Oga ya duba.

“Gona, za a yi magana. Rami, ba mu yarda ba.”

Na fassara yadda ya faɗa.

Muka shiga mota muka kama hanya. Direba ne ya dube ni ta madubi ya ce, “Malam, ka kunyata tsoho, ka ɓata wa Oga rana, duk a zama ɗaya. Sannu da boko.” Ni kaina ina ganin da gaskiyarsa a rabin farko.

Oga ya kai rahoto sama cewa mutanen ƙauyen sun ƙi a taɓa ramin. Ba a sake ɗaukata zuwa ƙauye ba, aka mayar da ni ɗakin fayil, aka samo wani tafinta mai saurin aiki. Kafin damina ta fita na ji an cire turakun an ja su baya. Ba zan ce tambayata ce ta jawo ba. Wani injiniya ya gaya mini ƙasar yumɓu ba ta riƙe harsashin gini, da ma ba su so wajen ba. Wataƙila haka ne.

Bayan shekaru na bi ta wurin. Gidajen sun tashi, har da makaranta da wurin sayar da katin waya. Katangar unguwar ta miƙe sak daga titi, sai da ta zo kusa da ramin ta lanƙwasa ta bar shi a waje. Aka ce tsohuwar ta rasu. Dagacin na nan, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ya ce, “A'a, mai tambaya ne?” Ya sa aka kawo mini kujera. Daga inda na zauna ina hango mata biyu a cikin ramin, ɗaya na haƙa, ɗaya na loda yumɓu a kwano.