Kiɗan Makara

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne ƙanena Sada, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san sunansa ba, amma da wuya a sami wanda bai san aikinsa ba. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Hausa, ya ji sarewa ta taso a hankali, gabansa ya faɗi domin ya san wani zai mutu, to ya san Sada.

Ni na koya mashi kiɗa. A makarantar mishan da aka kai ni ina yaro, da bulala a gefe ake koyar da waƙa, kuma wanda ya shigo cikin waƙar kafin lokaci da wanda ya shigo bayansa laifinsu ɗaya. Haka na koya, haka na koyar. Da soja suka koma bariki, samari suka duƙufa yin finafinan bidiyo, sai Sada ya sayi fiyano na gwanjo, ya kama shago kusa da hasumiyar Gobarau, yana yi masu kiɗan taushi, wato wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana, ba a rawa da shi.

A wani fim da ba zan ambaci sunansa ba, akwai wurin da wata mata ke tankaɗe a tsakar gida, mijinta ya yi tafiya. Sai ƙanen mijin ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa, da labarin rasuwar mijin a bakinsa. Mai shirya fim ɗin ya so a sa kuka da kururuwa. Sada ya ƙi. Muryar sarewa kaɗai ya sa, tana saukowa daki-daki, kuma kafin sautin ƙarshe sai ta tsaya, ta yi jinkiri, sannan ta faɗi. A cikin wannan jinkiri ne matar ta ajiye rariya.

Da ya kawo mani na saurara, na ce mashi sautin ƙarshe ya makara.

Ya ce, "Yaya, ai ita ma ba ta so ta gane da wuri ba."

Har yau ina nan a kan bakana cewa a ƙa'idar kiɗa ya makara. Amma na ga manyan mutane masu furfura suna kau da kai a wannan wuri, suna gyaran murya.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Masu shirya finafinai suka riƙa kwafar kiɗan ba tare da neman izini ba, suna liƙa shi ga kowace mutuwa: ta guba, ta haɗarin mota, har ta mugun da kowa ke murnar mutuwarsa. A gidajen kallo, da zarar sarewa ta taso, sai ka ji yara suna cewa a ɗauko makara. Da haka sunan ya kama shi, kiɗan makara. Ni jinkiri na nufa da kalmar. Gari ya nufi abin ɗaukar gawa.

Da zaɓe ya sake zagayowa, 'yan daban garin nan, waɗanda muke kira ƙauraye, suka sama wa kiɗan wani aiki. Sai su zo bisa babura da rana tsaka, su tsaya ƙofar gidan wanda ke adawa da ubangidansu, su kunna shi a rediyo, su tafi. Ba mai bukatar a yi mashi fassara.

A unguwarmu akwai wani tela, Bishir, wanda ya fito takarar kansila. Mahaifiyarsa, Hajiya Binta, aminiyar mahaifiyarmu ce, ta sha goya Sada a bayanta, Inna muke ce mata. Aka soma sa kiɗan a ƙofar gidansu. Sada ya wanke ƙafa ya tafi har unguwar manya ta GRA, gidan Alhajin da kowa ya san ƙaurayen yaransa ne, ya roƙi a daina. Alhaji ya karɓe shi da fara'a, ya ce, "Malam Sada, mi ya yi zahi? Wasu na neman a san su ba su samu ba, kai ga shi duk gari na jin aikinka. Ɗaukaka ce hwa."

Ba a daɗe ba ƙaurayen suka tare Bishir a hanyarsa ta zuwa shago, suka sassare shi. Bai kai asibiti ba.

Ina zaune wurin zaman makoki lokacin da Sada ya shiga cikin gida yi wa Inna ta'aziyya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi ta ce, "Sada, kiɗanka na riƙa ji ina cikin ɗaki." Daga nan ta juya fuskarta ga bango.

Bai sake taɓa fiyano ba. Ya rufe shago, ya koma Batagarawa yana noman gero a gonar gado. Na kafa mashi hujjoji, na ce wanda ya ƙera wuƙa don yanka albasa ba shi ya yi kisa ba. Ya ce ya ji, amma ba daga bakina yake son jin haka ba. Duk sallah sai ya shigo gari ya je gaishe da Inna. Tana amsa gaisuwa, ba ta ƙara kalma guda. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, abin da ya roƙe ni shi ne in ci gaba da zuwa a madadinsa, in nema mashi gafararta.

Ina tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Kiɗan yana cikin wayoyin jikokinmu. Suna ɗora shi a kan hoton wanda ya faɗo daga babur, ko ƙungiyar ƙwallon da aka ci, su yi ta dariya. Wasu kuma suna ɗora shi a kan hotunan ƙauyukan da aka tasa, da gawawwakin da aka jera don sallah. Ban san wanne zai fi yi mashi ciwo ba. Ina zaton na biyun, domin a nan ne kiɗan ya dace.

Na cika alkawari. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je wurin Inna, wadda yanzu ba ta gani. Bayan mun gaisa, na maimaita roƙon kamar kullum, ina jiran shirun da na saba.

Sai ta ce, "Malam, ka huta da wannan jele. Na yahe mashi tun ranar da na ji ya ruhe shago. Mi yaron ya yi mani? Bakina ne ya yi nauyi, ina ta cewa sai ya sake zuwa."

Kiɗan ya wanzu, kuma ba na Sada ba ne yanzu, na duk wanda ya danna waya ne. Abin da ya rage nasa shi ne cewa ya ɗauki alhakin da masu laifin suka ƙi ɗauka, har ya shiga kabari da shi. Gafarar da ya nema an yi mashi ita yana da rai, yana durƙushe gaban mai ita kowace sallah, kuma ni aka gaya wa. Allah ya jiƙan Sada, ya jiƙan Bishir.